Dambun Inna a Ƙasan Duro

Dambun naman ya iso Guangzhou a akwatin wata Hajiya mai saro lesi, an naɗe shi cikin leda biyu, an ƙulle bakin da zaren buhu. Inna ce ta yi shi da hannunta. Tun kafin in kwance na sani, domin ita kaɗai ke zuba kanumfari har ya danne citta. Tun da na zo karatu ƙasar Sin ban sa wani abu da ya fito daga madafar gidanmu a bakina ba, shi ya sa ma na kasa ci. Na ɓoye shi a bayan littattafaina, in buɗe in shinshina in mayar. Na ce sai ranar da ta isa a ci shi.

Saffana, wadda muke ɗaki ɗaya a makaranta, ita ta samo ranar. Ta ga a waya ana ba da hayar kwale-kwale a kogin Liuxi, can arewa da birni, mutum ya tuƙa kansa cikin dajin gora, ya kafa tanti ya kwana. Ni da ko gulbin Wudil daga kan gada nake kallonsa, na amsa mata tun ban gama tunani ba. Yayana Ghali, wanda ke fataucin jakunkuna tsakanin Shiling, garin masana'antun fata da ke kusa da Guangzhou, da kasuwannin Kano, kuma a hannunsa Baba ya damƙa ni, ya ce ba inda za mu sai da shi da abokinsa Tankari, mutumin Tawa.

Na karanta duk abin da na samu kan irin wannan tafiya, don ni in ina tsoron abu karatunsa nake yi. Duk inda na duba magana ɗaya ce: abinci a duro ake zuba shi, mai murfin da ruwa ba ya shiga ko jirgi ya kife, ɓera da tururuwa ma ba sa samun hanya. Ƙarami ake so, mai igiyar goyo kamar jakar makaranta. Kuma wanda bai taɓa ɗaukar komai ba sai abinci.

Ana gobe tafiya muka sami Yaya a ɗakin ajiyarsa a unguwar Sanyuanli, shi da Tankari. Saffana ta nuna masa hoton ƙaramin duron da mai jiragen ke bayarwa.

Ya ce, "Na haya? Wanda kowa da kowa ya zuba abin da ya ga dama? Kin san naman aladen da ya kwana a ciki?"

Ya yaye wani buhu, sai ga shuɗin duro ya kai min ƙirji, irin wanda ake tara ruwa da shi a gidajen Kano.

"Wani laoban ne ya ba ni a Shiling," in ji shi, yana nufin maigidan wata masana'anta. "Na wanke shi da omo, na bi da lemon tsami, ya wuni a rana. Gidan wa ba a shan ruwan irinsa?"

Na leƙa ciki. Ƙamshin omo ne, amma a bayansa akwai wani abu, kamar mutumin da ya fesa turare bai yi wanka ba. Na buɗe baki.

"Uwar littattafai za ta yi fatawa," in ji Yaya. "Faɗi, muna ji. Shafi na nawa?"

Tankari ya yi dariya, ni kuwa na haɗiye maganata.

Yaya ya yi lodin yadda yake yi wa kayan da zai aika gida. Su 'yan kasuwa suna da ƙa'ida: abu mai daraja ƙasa yake zuwa, tarkace a sama, don in hannu ya shiga a hanya ya tsaya a kan tarkacen. Ya tambayi abin da ya fi komai daraja. Saffana ta nuna ni da baki. Na fito da ledar daga jakata ina jin kamar ɗa zan bayar.

"Ashe Inna ta yi aike kika danne?" Ya ɗaga ledar ya shinshina. "To wannan ƙasan ƙasa. In ba haka ba Tankari zai gama da shi kafin mu ga ruwa."

"Bon, ni aka gani," in ji Tankari, da guntun Faransancinsu na Tawa. "Kai da ka cinye kilishin matarka ka ce kwastan ne."

Dambu ya sauka ƙasa. Shinkafa ta hau kansa, sai gari, ƙuli-ƙuli, dabino, taliyar leda a can sama. Yaya ya danna murfi, ya ɗaure zoben ƙarfen, ya zagaye bakin da salatif har sai da ya ƙare, ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a jiki, kamar jirgin ruwa zai hau zuwa Legas.

A bakin kogi mai jiragen ya daɗe yana kallon duron. Ya nuna bayansa, yana tambayar igiyar goyo.

"Meyo," in ji Yaya, wato babu, ya dafa kansa. "Mu a nan muke ɗauka."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ba mu rigunan iyo da filafilai, ya kuma ja mana kunne da hannu da baki cewa duk abin da muka shiga daji da shi mu fito da shi.

Duron bai tsaya a tsaye ba, sai da aka kwantar da shi a tsakiyar jirginmu ni da Yaya, murfin yana kallon gwiwoyina. Da farko na manta da shi. Ruwan kore ne, gora ta sunkuyo ta gefe biyu, jirgin Saffana da Tankari yana ta juyi wuri ɗaya suna zargin juna. Amma rana ta ɗaga, irin ranar Guangzhou mai gumi, robar ta yi zafi har ba a iya dafa ta. A nan na fara jin shi. Ƙarni ne mai nauyi, na kifin da ya kwana a kwata, da wani ɗoyi a ƙarƙashinsa wanda na san na taɓa ji amma na kasa tuna inda.

"Yaya, ba ka jin wari?"

"Kogi ne. Kowane kogi da warinsa. Tuƙa."

Ƙudaje suka zo, manya masu koren baya. Ba su bi Saffana ba, mu suka bi.

Bayan azahar muka iso wata 'yar madatsa, inda dole a fito da jirage a zagaya ta ƙasa, ta wata siririyar hanya mai duwatsu. Maza za su ɗauki jiragen. Duro ba shi da mariƙi ko ɗaya, Yaya ya ce a gangara shi kawai. Na hango dambun Inna yana birgima ƙarƙashin shinkafa, ledar tana fashewa.

Na ce, "Zan ɗauka."

"Ke? Ke da ko tulu ba ki taɓa ɗauka ba?"

Na naɗe ɗankwalin da ke jakata na yi gammo. Tankari da Yaya suka ɗora min. Wuyana ya nutse cikin kafaɗuna. Saffana ta bi ni a baya tana tallafe da shi, tana cewa a hankali, a hankali, har muryarta ta canza, na gane numfashi take riƙewa. Tafin hannuna ya fara santsi a jikin robar. Wani abu mai ɗumi ya gangaro ta wuyan hannuna ya shige hannun riga. Na ce wa kaina gumi ne. Gumi ba ya yauƙi haka, amma ban da hannun dubawa, kuma in na tsaya faɗuwa zan yi. Haka na tafi, ƙudaje na sauka a leɓena ina hure su.

Da aka sauke min na duba hannuna. Wani mai ne ruwan ƙasa, mai kauri, ya biyo ta ƙarƙashin salatif. Na kai hanci, sai na tuna inda na san warin: majema, can wajen Ƙofar Wambai, inda in mun bi da Inna take ce min in toshe hanci da mayafi.

Saffana ta ce, "Yaya Ghali, don Allah me ake zubawa a duron nan a da?"

"Kaya."

"Wane irin kaya?"

Ya dubi kogi. "Man da suke shafa wa fata ta yi laushi. Ai mai ne. Na wanke."

"Ka wanke murfin?" in ji Tankari.

Yaya ya juya ya kama jan jirgi zuwa ruwa.

Ba mu buɗe a nan ba, don Yaya ya ce salatif ya ƙare, in an kwance ba abin mayarwa. Sai da muka isa wurin kwana, wani fili mai yashi, wajen la'asar. Tankari ya yanke salatif da wuƙa, ya ɓalle zoben. Da murfin ya tashi dukanmu muka ja baya. A cikin lungun murfin, ƙarƙashin baƙar robar da ke toshe baki, man ya daskare ya yi shekara da shekaru, inda soso bai kai ba. Rana ta narkar da shi. Wani ya fita waje ya same ni, sauran ya bi bangon duron ta ciki ya gangara.

Taliyar da ke sama lafiyarta ƙalau. Dabino ya ɗan taɓu. Gari ya yi dabbare-dabbare ta gefe. Kowane abu aka ciro ya fi na bayansa muni, ni kuwa ina tsaye ina jiran na ƙarshe. Da aka ɗaga shinkafa na kifa rabin jikina cikin duron, numfashi a riƙe, na lalubo ledar. Tana kwance cikin man kamar an jiƙa ta da gangan. Nauyin shinkafa ya matse ta, ƙullin zaren ya saki.

"Sama-sama ne," in ji Yaya, muryarsa ta yi ƙasa. "A kwashe na gefe."

Na kwashe na gefe. Na tsakiyar ya yi kama da lafiyayye, ja-ja, da ɗigon yaji. Na wanke hannu da yashi, na kunna ɗan rishon gas, na zuba a tukunya, don na san wuta tana korar abubuwa da yawa. Wannan ba ta kore shi ba, tashe shi ta yi. Hayaƙin ya bi filin duka. Saffana ta ruga bayan gora, na ji tana kakari. Tankari ya ja rigarsa ya rufe hanci ya ce, "Ƙanwata, ki yi wa Allah ki sauke. Ko kuren daji ba ya cin wannan."

Ban sauke ba sai da ya soyu. Na ɗebo kaɗan da yatsu, na hura, na yi bisimilla, na sa a baki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kanumfarin yana nan. Na ji shi, na ji hannun Inna sarai, sannan man ya taso ya lulluɓe shi, ya manne min a ganda kamar na tauna tsohon takalmi da aka tsamo daga kwata. Na yi ƙoƙarin haɗiyewa. Maƙogwarona ya ƙi. Na durƙusa a yashi na tofar, abin da na ci da safe ya biyo baya.

Saffana ta dawo ta zuba min ruwa na kurkure baki, na sake, na sake, har gorar ruwan ta ƙare, santsin bai bar harshena ba. Na juye dambun cikin ledar shara, na gefen da na tsakiyar duka, na ƙulle. Ko binne shi ba dama, tunda an ce mu fito da komai.

Yaya ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ni, yana wasa da zoben ƙarfen.

"Radiyya, in mun koma zan sa a kawo miki wani. Akwai mai yi a Fagge, nata ma har ya fi..."

Na dube shi.

"To. Amma kar ki gaya wa Inna."

"Ba zan gaya mata ba," na ce. "Kai za ka gaya mata. Muna isa inda waya ke kamawa ka kira ta, ina tsaye. Ka faɗa mata a cikin me ka sa shi."

"Haba, ƙanwata."

"Kuma gobe a jirgin Saffana zan zauna."

Tankari ya sauke rigar daga hancinsa. "Wato ni za a haɗa da shi da duron?"

"Abokinka ne," in ji Saffana.

Na jefa ledar cikin duron, na bar wa Yaya murfin ya rufe. Na sauka bakin ruwa da sabulu, na naɗe hannun rigata har gwiwar hannu, na fara dirza.