Ƙunshin Ruwa a Bayan Gwiwar Alƙasim

Yabo ya tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa hanyoyin jini a jikin ɗan Adam, Ya ɓoye saninsu sai ga wanda Ya so. Tsira da aminci ga Manzonsa.

Lokotoro Surajo ya ɗora yatsu a bayan ƙafar Alƙasim, manomin albasa daga Tama, ya ji jini yana harbawa daidai. Karo na uku ke nan a shekarar 1983 da mutumin ya zo asibiti. Taku ɗari in ya yi sai sha-raɓarsa ta ɗaure, ga garkarsa a fadama tana bushewa.

"Malam, ba ka shan taba, shekarunka ba su kai arba'in ba. Ƙafar nan lahiyarta lau."

"A kwance lahiyarta lau, lokotoro. In na koma gida haka, wanzami zai sa mata wuta ranar kasuwa."

"Ban da tafiya, yaushe take damunka?"

Alƙasim bai so ya kai ƙarar salla ba, amma ya faɗa. "A zaman tahiya takan mutu, ta yi sanyi."

Surajo ya ajiye alƙalami. "Zauna mini kamar kana tahiya."

"Ba ni kwaikwayon salla a gaban mutum. La'asar ta kusa."

Likitan ya jira, ya bi shi sahu a ƙarƙashin rumfa. Da aka sallame Surajo ya ce masa kada ya motsa, ya laluba ƙafar da ke lanƙwashe. Babu harbi ko kaɗan. Da aka miƙe ta, harbin ya dawo. Sau huɗu ya maimaita, bai ko kula da masu kallo ba.

"Akwai abin da ke danne hanyar jini in gwiwa ta lanƙwashe," in ji shi. "A Dakar na karanta shi, ban taɓa gani ba."

Washegari ya tsaga bayan gwiwar. A cikin bangon jijiyar jinin kanta ya tarar da ƙunshi kamar ɗan dabino, cike da ruwa mai yauƙi irin na ƙaro. Ya ɗebe shi, jijiyar ta buɗe.

Da Alƙasim ya farfaɗo aka nuna masa abin a kwalba. Ya daɗe yana juya ta a haske.

"Zan aika da shi Yamai, malamai su gani," in ji Surajo.

"Naman jikina ne. Rufe shi ake yi."

"Wani mai irin ciwon zai amfana."

Alƙasim ya motsa yatsun ƙafarsa, ya ji ɗumi a cikinsu.

"To, mu raba. Ruwan ya tafi Yamai. Fatar a ba ni, in rufe ta a Tama. Da ƙafata zan kai ta."

Allah Ya jiƙan su biyun da sauran magabata, Ya ba mai karatu lafiyar da zai tsaya da ita a gabansa. Amin.