Sunan da Mamuda Bai Kira Ba

A unguwarmu a Kaura Namoda, in ka ga mutum zaune a bakin shago ya zuba wa injin ban-ruwa ido kamar mai jiran injin ya yi magana, to Mamuda ne. Gyaran inji ne sana'arsa, kuma ya iya. Sai ya saurari ƙarar inji daga nesa ya gane inda ciwon yake. Amma ka gaishe shi ka ji. "Lahiya lau," shi ke nan, ya rufe baki sai gobe. Mukan tsokane shi a majalisa mu ce Mamuda awo yake yi wa magana kafin ya sayar.

Ni dai ina jin haushinsa, ina kuma ganin girmansa. Daga wani ƙauye kusa da Kurya Madaro ya taso da iyalinsa, tun kafin kowa ya yi tunanin tashi. Ya lura masu kawo itace sun daina shiga daji ta yamma, ya lura da baƙin fuskoki a kasuwa, ya haɗa wannan da wancan, ya kwashe kayansa. Aka yi ta yi masa dariya. Damina ba ta fita ba 'yan bindiga suka ƙone ƙauyen.

Sai dai akwai ranar da ya yi kuskure. Ya taɓa cewa kada a bi hanyar Zurmi, mutane suka fasa cin kasuwa, aka wuni lafiya ko kaza ba a taɓa ba. Daga nan aka laƙa masa Malam Hasashe. Wani zai yi dariya ya manta, amma ban da Mamuda. Abin ya zauna masa a rai, ya ƙudurta ba zai ƙara faɗin abin da bai tabbatar ba.

Ɗansa na fari, Hayatu, ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar mutane da kaya a babur tsakanin Kaura da Shinkafi. Yaro mai fara'a da surutu, kamar ba Mamuda ya haife shi ba. Kuma kun san kunyar ɗan fari. Mamuda ya riƙe ta fiye da kowa, don ta yi daidai da halinsa. Bai taɓa kiran sunan yaron ba. "Kai" yake ce masa, in yana zancensa kuma ya ce "yaron ga". Ko a waya, Yaro ya rubuta. Ba ya zama da shi, ba ya hira da shi. Amma kullum da safe sai ka gan shi tsugune gaban babur ɗin yana taɓa taya, yana ɗaure sarƙa, yana gwada birki. Duk son da yake yi masa a nan yake zuba shi.

A makon da abin ya faru, Mamuda ya fara ganin alamu. Matan da ke sayar da nono a wata mararraba kan hanyar Shinkafi sun daina fitowa, wani mai kawo masa gyara ne ya faɗa a cikin hira. Mai burodin bakin tasha yana murna wasu baƙi sun kwashe masa kaya kaf. Sannan Hammadu, wani makiyayi abokinsa tun na ƙuruciya, ya biyo ta shago. Mamuda ya tambaye shi shanu.

"Na gusa da su gabas," in ji Hammadu. Ya dubi ƙasa. "Wajen can ciyawa ba ta yi min ba."

Damina ce, ciyawa ko'ina ta kai gwiwa. Mamuda ya gane, Hammadu ma ya san ya gane.

Ya koma gida da abin a cikinsa. Matarsa Kubura ta ga tuwo ya huce a gabansa.

"Malam, mi ya faru?"

"Ina wani tunani na."

"Kullum kana tunani. Hwaɗa min ko sau guda."

"Sai na tabbata," ya ce.

Da ya faɗa mata, da an gama. Kubura ba ta san wani tabbatarwa ba, da ta ɓoye makullin babur a cikin tukunya ta zauna a kai. Amma Mamuda yana ta juya abin. In ya hana yaron, kasuwar Shinkafi ta wuce shi a banza fa? In nono ne ya yi ƙaranci? In masu biki ne suka sayi burodin? Duk tambayar da ya amsa sai ta haifo wata.

Ranar kasuwa da safe ina shara a ƙofar gidana, na gan su. Hayatu yana ɗaure buhun barkono a bayan babur, uban yana tsugune yana gwada birki. Ya daɗe a kan birkin nan fiye da kullum. Can ya miƙe, yana goge hannu da tsumma.

"Kai. Hanyar ga..."

"Mi gare ta, Baba?"

Mamuda ya ci gaba da goge hannu. Na ga bakinsa yana motsi. Hayatu ya jira, kansa a sunkuye, don shi ma bai saba tsayawa gaban ubansa haka ba.

"Bari in je tasha in dawo," in ji Mamuda.

Nufinsa a jira shi. Amma bai ce a jira shi ba, kuma ga wani fasinja tsaye yana ƙorafin rana tana yi. Hayatu ya ɗauka zancen ramukan hanya ne. Uban na shan kwana, yaron ya tayar da babur, ya ɗaga min hannu yana dariya.

A tasha Mamuda ya samu abin da yake nema. Tun asuba ba motar da ta shigo daga wajen Shinkafi, ko ɗaya, kuma ranar kasuwa ce. Yanzu kam ya tabbata. Direbobi sun ce ba su taɓa ganin Mamuda yana gudu ba sai ranar. Ya iso gida ya tarar da sawun taya kawai. Ya kira waya, ba ta shiga, don daga an fita gari kaɗan sabis yake ɗaukewa. Ya yi ta kira.

Kafin azahar labari ya iso. An tare hanya, an kwashe wasu zuwa daji, an harbi waɗanda suka yi ƙoƙarin juyawa. Da la'asar aka kawo gawawwaki asibiti. Ni na raka Mamuda, don ba zai iya tafiya shi kaɗai ba, ko da yake bai roƙe ni ba. A hanya ina jin tausayinsa, ina kuma jin kamar in shaƙe shi. Mutum ya ga komai, ya gane komai, ya tsaya gyaran birki!

An jera su a ƙasa a kan tabarmi, an rufe da zannuwa. Wani ma'aikaci yana buɗe fuskoki, dangi na dubawa. Da aka zo kan na ƙarshe, Mamuda bai yi kuka ba. Ya tsuguna kamar yadda yake tsugunawa gaban babur, ya gyara wa yaron wuyan riga.

"Naka ne, Baba?" in ji ma'aikacin.

Ya ɗaga kai.

"Mi sunanshi?"

Na buɗe baki zan amsa masa, don na san al'ada, amma Mamuda ya riƙe min hannu. Ya daɗe yana kallon fuskar.

"Hayatu," ya ce.

Ma'aikacin ya juya zai wuce. Mamuda bai tashi ba. Ya sunkuya kusa da kunnen yaron, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta ba, irin kiran da ake yi wa wanda ya kusa shan kwana.

"Hayatu! Kak ka bi hanyar ga."