Lodi Ya Yi Yawa a Hagu

Shekarar da Alhaji Magaji ya kawo kwamfuta shagonsa na buga takardu a Yelwa, jiharmu ta Kebbi ba ta fi shekara bakwai ba. Ni kwale-kwale nake tuƙawa, karatuna bai wuce aji huɗu ba. Abin da ke kai ni shagon Ladidi ce, ɗiyar kawuna, wadda ke buga masa takardu.

Wata Talata Inna ta aike ni in kai mata busasshen kifi, na tarar idonta ya yi ja. Alhaji na zaune kan benci gaban kwamfutar, mutum shida na tsaye a kansa.

Na ce, "Ke, mi ya faru?"

Ta ce a hankali, "Wai na lalata mai jirgi. In bai gyaru yau ba, gobe in koma gida Ngaski."

Ashe cikin kwamfutar akwai wasan tuƙa jirgin sama, har da wata sanda da ake riƙewa. Kwana uku Alhaji na son ya gangara da jirgin fasinja zuwa titin tashi, amma da ya ba shi wuta sai jirgin ya karkata hagu, ya faɗa ciyawa, ya yi ta kewaye kamar akuya a turke. Ladidi ce ta goge madannai da tsumma ranar da abin ya fara, shi ya sa laifin ya hau kanta.

Na tsaya ina kallo, ban yi gaggawa ba. A ƙasan hoton akwai wasu agogo biyu, allurar na dama na motsi, ta hagu tana kwance. Duk wanda ya taɓa tuƙi da filafili ta gefe guda ya san wannan ciwo. Inji biyu gare shi, ɗaya ne ke turi. Amma in na faɗa, Alhaji zai ce ita ta kashe ɗayan, kuma babu wanda ya san yadda ake tayar da shi.

Na raɗa mata, "Akwai abin da ka juya wutsiyar jirgin?"

Ta nuna mini wani madanni da ɗan yatsa.

Na matsa na ce, "Alhaji, ko in sa baki?"

"Surajo, wanga ba jirgin kamun kifi ba ne. Ka taɓa ganin jirgin sama ma?"

"Daga ƙasa dai, ranka shi daɗe. Amma ni abin da na gani, lodi ya yi yawa a hagu."

"Wane lodi?"

Na dubi tumbinsa. Dauda tela, maƙwabcin shagon, ya juya baya yana tari.

Na ce, "Mu a ruwa, in babban mutum ya zauna gefe guda, roƙonai mukai ya gusa."

Alhaji ya harare ni har na ce yau na sha mari. To amma kwana uku ba wasa ba ne. Ya ja tsaki, ya gusa dama.

"Bari in riƙe maka gindin jirgin," na ce, na ɗora hannu kan madannai.

Ya ba shi wuta. Na danna kaɗan, na saki. Jirgin ya miƙe, ya sake karkata.

"Ƙara gusawa, Alhaji."

Ya ƙara.

"Saura ƙiris."

Sai da rabin jikinsa ya bar bencin, ƙafa ɗaya na tokare da bango, sannan na riƙa danna madannin yadda ya kamata. Jirgi ya bi wani layi mai ruwan ɗorawa da ke tsakiyar hanya sak, a natse, har bakin titin tashi. Shago ya kaure da kabbara.

Dauda ya share hawayen dariya ya ce, "Ashe dai ba yarinyar ba ce."

Alhaji na haki ya ce, "Wa ya ce ita ce?"

Na ɗauke hannu na ce fasinjojin Rofiya na jirana bakin ruwa. Nan take jirgin ya nufi ciyawa.

"Kai, Surajo! Wa za ya riƙe gindin?"

"Ga Ladidi nan, ranka shi daɗe. Jinin masu jirgi ce."

"Ke Ladidi, taho maza!"

Ta gyara gyale, ta jawo kujera ta zauna daram, ta ɗora yatsa. Ina bakin ƙofa na ji ta ce, ko murmushi babu, "Alhaji, ka dawo hagu ba ka sani ba."