La'adar Maman Khairat

Duk matan da ke karanta shafin Maman Khairat, daga Daura har Damagaram, babu wadda ta san cewa Maman Khairat tana da gemu. Sunansa Harisu. Ɗan acaɓa ne a da, yana jigilar fasinja tsakanin Daura da Mai'adua, kafin wata motar hatsi ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu ranar kasuwa. Mai ɗori ya yi nasa, likitoci suka yi nasu, ƙarshe dai aka yanke ta daga gwiwa. Babur ɗin ya tafi a kuɗin magani.

Tun daga nan gidan ya juye. Matarsa Saudatu, malamar firamare ce a Sandamu, ita ke fita da sassafe, shi kuwa yana gida da 'yarsu Khairat mai wata tara. Ya koyi dama koko, ya koyi wankin kunzugu a zaune, ya koyi bambanta kukan yunwa da kukan zafi. Goyo ne kawai ya gagare shi, don mai dogara sanduna biyu ba shi da hannun ɗaure majanyi. Sai Saudatu ta samo masa wata jakar goyo ta ƙirji daga wani shago a Kano, ya rataya yarinyar a gaba, ya ci gaba da ƙwanƙwasa sandunansa a tsakar gida.

Albashin malamar firamare kuwa kowa ya san shi, kafin ya iso an riga an cinye shi a zuci. Harisu ya yi sakandare, kuma hannunsa na da daɗin rubutu. Wata rana ya ga sanarwar shagon nan cewa duk wanda ya tallata kayansu a intanet za a ba shi wani shuɗin layin rubutu nasa na kansa, linki ake ce masa. Wanda ya danna ya sayi kaya ta nan, mai linkin ya samu la'ada. Dillanci ne dai irin na kaka da kakanni, sai dai wannan ba ya buƙatar ƙafa, abin da Harisu ya fi rashi kenan.

Ya fara da sunansa na gaskiya. Mako uku, mutum huɗu suka karanta, ɗaya daga cikinsu ma tsohon abokin tasha ne da ya rubuto yana tambaya ko ya fara ɗaura zane. Ranar Harisu bai ci abinci ba. Ya goge shafin, ya buɗe sabo da sunan Maman Khairat, bayan Saudatu ta yarda da ƙyar, tana cewa in asiri ya tonu ita ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Sai ga mata kamar an yi shela. Yana rubuta musu abin da ya sani da hannunsa: yadda ake niƙa dabino a koko in yaro ya ƙi sha, yadda ake gane ƙurajen zafi, abin da uwa za ta yi in kuka ya ishe ta har ta ji tana son ta gudu. Wannan na ƙarshen sai da mata ɗari biyu suka yi masa addu'a a ƙarƙashinsa. Hoto kuwa ba ya sa fuska, sai 'yan ƙafafun Khairat a kan wata koriyar tabarma da maganin sauro ya ƙone wa gefe. A ƙarshen kowane rubutu ya manna linkin jakar goyo.

To addu'a dai ta yi yawa, la'ada ce babu. Kullum da safe, da Saudatu ta fita, sai ya buɗe shafin shagon, ya tarar da shi yadda ya bar shi jiya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mata suna turo masa hotunan jakar, suna cewa sun saya, Allah ya saka wa Maman Khairat da alheri. Ta ina suka saya? Ya yi bayani sau uku cewa a danna shuɗin rubutun nan tukuna, aka amsa masa da amin. Mutanenmu ba sa ba wa abin da ba su gani ba kuɗinsu. Sai su ɗauki hoton, su ba direban da zai je Kano, ya sayo ya kawo. Direba ya ci nasa, shago ya ci nasa, Harisu ya ƙona data.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Dutsi. Inna Hadijatu, mahaifiyar Saudatu, tsohuwar dillaliya ce da ta shekara talatin tana shiga gidajen mutane da ƙullin atamfa a ka, kuma in ta yanke magana ba a ɗinke ta. Ta ce ta gaji da jin abin kunya. Namiji ba ya raino, balle namijin da ba ya iya cefane. Ranar Asabar za ta zo ta ɗauki jikarta, ta riƙe ta har ta yi wayo. Saudatu ta yi kuka, amma ba ta taɓa musa wa uwarta ba, kuma ba za ta fara a kan wannan ba.

Harisu ya ji kamar an zo yanke masa ɗaya ƙafar. Babur ya tafi, tasha ta manta da shi, abokan hira sun janye. Yarinyar nan ce kaɗai ke neman sa da ido in ta farka. Da a ce shafin ya kawo ko da kuɗin buhun gero ne, da yana da bakin magana. Kwana huɗu ya yi yana rubutu kamar mai zazzaɓi, sau uku a yini, har ya sauke girman kai ya roƙi matan da su taimaka su danna. Ranar Juma'a wata mata daga Zango ta saya ta linkin. Ya daɗe yana kallon 'yar la'adar da ta shigo, wadda ba za ta sayi mudun shinkafa ba.

Asabar da hantsi Inna Hadijatu ta yi sallama. Ladabi ya ce suruki ya durƙusa, Harisu kuwa ba shi da abin durƙusawa, sai ya zame daga kan benci ya zube ƙasa, kansa a sunkuye. Saudatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta koma bakin ƙofar ɗaki ta tsaya. Tsohuwar ba ta ja gaisuwa ba. Ta buɗe leda ta fito da jakar goyo sabuwa fil, irin tasa sak.

Ta ce ita bayanta ya tsufa da majanyi, shi ya sa ta sayi wannan. Wata baiwar Allah ce ta ba da shawarar, Maman Khairat, wadda matar ɗanta Murjanatu ke karanta musu rubutunta kullum da la'asar, mata su cika tsakar gida. Ta ce wannan ita ce uwa, kuma ga shi sunan 'yarta ya zo ɗaya da na jikarta, amma raino ya bambanta. Ita da kanta ta tara matan unguwarsu goma sha huɗu, ta ba direba hoton, ya sayo musu a Kano gaba ɗaya. Tana faɗa tana ɗaure jakar a ƙirji, ta miƙa hannu ta ɗauki Khairat.

Yarinyar ta waiga tana neman ubanta, ta fara kuka. Harisu ya san in ya buɗe baki, kafin magariba labarin na iya kai wa tasha, a sa masa sunan da ba zai goge ba har kabari, matan su watse, shafin ya mutu. In ya yi shiru kuma, 'yarsa za ta koyi tafiya a Dutsi ba tare da shi ba. Ya ji tsoro sosai.

"Inna," ya ce, bai ɗago ba. "A yi haƙuri, a duba gefen tabarmar da ake zaune a kai."

Ta duba. Ga ƙunar maganin sauron nan, wadda Murjanatu ta sha nuna mata a waya, har tana cewa matar nan da gani ba mai hali ba ce, amma akwai tsafta. Ta dubi ƙafafun jikarta da ke lilo a jakar, ta dubi Saudatu, Saudatu ta rufe fuska da mayafi.

"Dabinon koko?" in ji tsohuwar.

"Ni ne, Inna."

"Uwar da kuka ya ishe ta, ta ji tana son ta gudu?"

Sai hawaye suka sauko masa cikin gemu. Inna Hadijatu ta jijjiga Khairat da ke ta fizge-fizge a ƙirjinta. Da ta yi magana, ba maganar kunya ta yi ba. Dillaliyar ce ta farka a cikinta. Ta tambaye shi nawa ake ba shi a kan kowace jaka, ya faɗa. Ta tambaye shi na matan Dutsi goma sha huɗun fa, ya bayyana mata cewa sai an danna shuɗin rubutun shago ke sanin ta hannunsa aka zo.

"Wato ni na kai ciniki, na tsallake dillali."

"Ba a sani ba ne, Inna."

Ta ce rashin sani ba ya mayar da haƙƙi halal. Shekara talatin, babu abin da ya fi ƙona mata rai kamar ta sha rana ta haɗa ciniki, a zagaye ta a biya a bayan idonta, kuma ta sha yi wa masu yin haka Allah ya isa. Ga shi yau ita ta yi, a kan bakin jikarta. Ta kwance igiyar jakar a hankali, ta sauke yarinyar. Khairat ta rarrafa ta haye cinyar ubanta, ta kama masa gemu, ta yi shiru.

Tsohuwar ba ta ce ta fasa ba. Ta ce ta ba shi zuwa bayan girbi, in gidan bai tsaya da ƙafarsa ba za ta dawo, sannan ta ji abin da ta faɗa a gaban mai ƙafa ɗaya, ta kau da kai. Harisu ya roƙe ta kada maganar ta fita. Ta harare shi, karo na farko da ta dube shi ido cikin ido tun da ya auri 'yarta, ta ce gida nawa ta shiga a rayuwarta, ya taɓa jin ta fito da sirrin wani?

Sannan ta laluba jakarta, ta ciro wayarta mai fasasshen gilashi, ta ajiye a kan tabarmar kusa da ƙunar.

"Matso, Maman Khairat," ta ce. "Nuna mini inda ake dannawa. Akwai mata shida da suka ce a sayo musu ranar Litinin."