Kofin Dogo

"Ba haka ba, Tela! Juya shi, hannun ya kalli taga."

Tsohuwa ce ke magana daga kan gado, muryar da ƙyar take fita. Tela, maƙwabciyarta mai ɗinki, ta juya shuɗin kofin a kan tebur. Sai ga Dogo, ɗan tsohuwar, ƙaton mutum mai shekara arba'in. Bai kalli kowa ba, ya zauna ya shanye shayinsa.

"Kin gani?" in ji tsohuwar. "In aka saɓa, sai ya wuni da yunwa yana buga kai da bango."

Shekara talatin tsohuwar nan ta yi tana faɗa da unguwa a kan kalma ɗaya. In an ce ɗanta taɓaɓɓe ne, ta ce otizim ne, haka likita ya gaya mata: yana ji, yana ganewa, hayaniya da canji ne ba ya iya ɗauka. Mutane kuwa, Allah ya shirya, suka mayar da kalmar abin zagi. Duk wanda ya yi shiru a taro, sai a ce otizim ɗinsa ya motsa. Ita kanta Tela ta taɓa yin dariya, abin yana cinta har yau.

Kwana tara tana ɗaukar darasin kula da Dogo a wajen tsohuwar: takalma a jere, a ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu, kada a kuskura a taɓa kafaɗarsa. A na goma, da hantsi, tsohuwa ta cika.

Bayan kwana uku ƙanen marigayiyar ya zo da mota da ƙarti biyu.

"Baba, don Allah ku bar min shi," in ji Tela. "Wallahi na iya. Ba hauka ba ne, otizim ne."

"'Yar nan, ko me sunansa, mai gidan hayar ya ce a kwashe kaya. Ke da ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu, ina za ki sa shi? Akwai inda ake ajiye irinsu."

Ƙartin suka cafki kafaɗun Dogo. Ya ƙwalla ihu, suka tura shi cikin mota.

Tela ta ruga ɗakin marigayiyar ta ɗauko kofin, ta fito ba takalmi.

"Baba! Ku gaya musu hannun ya kalli taga!"

Motar ta riga ta sha kwana.

Ta koma ɗakin, ba gado, ba labule. Ta ajiye kofin a kan tebur, ta juya hannunsa wajen taga.