Kalmar da Likita Ya Ja wa Layi

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar mijinta ta fara kwashe kayansa. Ba don ta shirya ba, ƙanensa ne ya ce zai zo da mota ranar Asabar ya ɗauke su. Tana lalube aljihunan kafin ta ninke: tsinken sakace, murfin biro, alawar tari biyu da suka manne da ledarsu. A aljihun tsohon kwat ɗin da yake sawa zuwa makaranta ta ci karo da takardar asibiti, an ninke ta gida huɗu. Kwanan watan da ke kai ya haura shekara biyu. Rubutun likita ne, da Turanci, duk a cakuɗe. Kalma ɗaya ce ta fito sarai, an ja mata layi: hoarse.

Ta yafa mayafi ta tsallaka titi zuwa kemis.

Mai kemis ya gyara zaman tabarau, ya duba sunan da ke sama, ya ɗago ya dube ta.

"Ina kika samo wannan, Hajiya?"

"Kai dai faɗa min ma'anar wannan."

"Wato murya ta dishe. Ta yi kauri, tana fita da ƙyar, kamar ta mai mura."

"Kamar ta Malam."

"Kamar tasa, Allah ya jiƙansa."

"Ai wannan ba ciwo ba ne," ta ce. "Alli ne. Shekara talatin yana shaƙar alli yana yi wa yara ihu."

Ita ce ma take tsokanarsa a lokacin, wai sai da ya tsufa ya sami muryar masu karanta labarai a rediyo. Shi kuma yakan ƙara kaurara ta da gangan idan zai kira ta daga falo.

"Ƙasan fa? Me aka rubuta?"

Mai kemis ya sake duban takardar. "An ce ya koma bayan mako biyu a leƙa maƙogwaron da na'ura. An ce kada ya yi jinkiri."

Bai koma ba. Ta san haka, domin sai bana, da haɗiyar ruwa ta gagare shi, ta ja shi asibiti da kanta, likitoci suka ce an makara.

Ta tsaya tana jiran ta ji wani abu, ko fushi ko kuka. Ko ɗaya bai zo mata ba. Wata mata ta shigo neman filasta, ta matsa mata. Ta karɓi takardarta, ta yi godiya, har ta tambayi mai kemis lafiyar iyalinsa.

Tana bakin titi babbar 'yarta ta kira.

"Mama, kin ci abinci?"

"Na ci."

"Na ji ƙarar motoci. Ina kika je?"

"Nan kemis."

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Ki gaishe min da yaran."

Ta kashe wayar. Motocin sun daɗe da wucewa kafin ta lura hanya ta buɗe, sannan ta tsallaka.