Laburaren da Aka Gwada da Kunne

Tana danna maɓallin aikawa ta ture kujera baya, ta dubi Dogo, abokin aikinta da ke teburin kusa da taga.

"Shi ke nan, na kai kaina kasuwa."

"Me kika kasa?"

"Laburaren nan nawa. Na saka shi a dandalin masu rubuta manhaja, na ce kowa ya gwada ya faɗa mini gaskiya."

Aikin ya ci mata watanni. Ƙunshin umarnin kwamfuta ne da ke ba mai rubuta manhaja damar tsara hali sau ɗaya, kamar iya jeruwa ko iya adanuwa, sannan ya liƙa shi ga duk abin da ya ga dama ba tare da maimaici ba.

Gaskiyar kuwa ta zo, ba sassauci. Wani ya ce sunayen da ta raɗa sun fi layin asibiti tsawo. Wata ta ce misalanta ba sa tashi a tsohuwar kwamfuta. Dogo yana karantawa yana ƙyaƙyata dariya, ita kuwa tana cizon leɓe tana gyarawa.

Ana nan sai ga saƙon wani dattijo. Ya ce shi makaho ne, na'ura ke karanta masa allo. Laburaren ya yi masa daɗi, sai dai idan halaye biyu suka yi karo, saƙon kuskuren da ke fitowa zane ne na layuka da kibiyoyi, ba ya gane komai. Ya bar lambar waya.

Ta kira shi lokacin hutun rana.

"Baba, ina wuni? Ni ce mai laburaren."

"Madalla, 'yata. Tsaya ki ji abin da nake ji."

Muryar na'urarsa ta shiga kunnenta da sauri: "Layi, layi, kibiya, layi, layi." Zanen da ta fi alfahari da shi ke nan.

"Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, Baba. Ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ai kin tambaya. Wasu ba sa tambaya. Ki sa ya yi magana kamar mutum kawai: wane da wane ne ke faɗa, a kan me."

Suka yi ta aikin tare, tana rubutawa, yana saurare yana cewa "rage" ko "yauwa". Da sabon zubin ya fito, masu ido ma suka ce yanzu ne suke fahimta.

Ta rubuta godiya a dandalin, ta ambaci kowa, har mai tsiyar sunaye. Sannan ta ɗora wa kwamfutarta na'urar karatun, ta kashe allon, ta zauna tana sauraron aikinta tun daga farko.